Kajin Nowel a Bene na Huɗu

Ranar da na sauka Maroko ana gab da magariba. Wanda ya zo tarbata a tasha ɗalibi ne ɗan Maradi, daga Sabon Gari, ya girme ni da shekara huɗu. Da ya ji daga Tsibiri nake sai ya yi dariya ya ce, "Ashe Bagobiri aka aiko mana." Tun daga nan bai ƙara kirana da sunana ba, ni kuma na riƙa ce masa Yaya. Ya saɓa akwatina a kafaɗa har bene na huɗu, inda yake haya tare da wani ɗan Damagaram. Akwai ƙaramin ɗaki na uku da babu kowa, shi suka ba ni. Tagarsa bangon gidan makwabta take kallo, in na miƙa hannu ina taɓa shi.

Ban gama ajiye kaya ba aka kira salla, Yaya ya miƙo mini buta.

Ni Kirista ne, haka mahaifina, haka kakana. Amma sunana sunan annabi ne irin na kowa, Hausa nake yi, daga ƙasar Maradi na fito, babu abin da zai sa ya tambaya. A Tsibiri ban taɓa buƙatar faɗa ba, kowa ya san gidanmu, kowa ya san inda muke zuwa ran Lahadi. A lise ma, sakandaren da na yi a Maradi, an sani tun kafin in buɗe baki. Sai da na ga butar nan a gabana na gane ban taɓa furta wannan magana da bakina ga wani mutum ba. Kalma uku ce kawai. Ga mutumin da ya hau bene huɗu da kayana yana haki, yana murmushi. Na karɓi butar.

Na shiga makewayi na wanke fuska da ƙafa, don da ma suna buƙatar wanki. Na daɗe a ciki. Da na fito sun riga sun idar, Yaya ya shimfiɗa mini darduma a ɗakina, ya nuna mini alƙibla, ya ja ƙofa. Na tsaya a gefen dardumar ban taka ta ba, kamar tsawon lokacin da na san mutum yana ɗauka a raka'a uku, sannan na naɗe ta. Na ce wa kaina gobe da safe zan faɗa. Da safe ya kai ni yin rajista a jami'a, ya yi mini tafinta, ya saya mini burodi. Na ce bari sai an kwana biyu. Bayan sati guda kuma maganar ta riga ta yi nauyi, don dole sai na bayyana dardumar ma.

Haka na shiga tsara rayuwata a kan lokutan salla. Na kwafi jadawalinsu a bayan littafin rubutuna, ina gyara shi kowane sati saboda rana tana matsawa. Na fi su biyun sanin minti nawa ya rage a kira la'asar. Kafin azahar na bar gida, ɗakin karatu na jami'a nake zama har bayan isha'i, ranar Juma'a kuwa tun hantsi nake ɓacewa, suka ɗauka masallacin kusa da jami'a nake zuwa. Asuba ce kaɗai ba ta da mafita. Yaya zai ƙwanƙwasa ya ce, "Bagobiri, salla." In ce to, in tashi in buɗe famfo ya zuba na ɗan lokaci, in koma ɗaki in rufe. Littafina Mai Tsarki yana ƙasan akwati, naɗe cikin wata tsohuwar riga. Na gano inda majami'a take a birnin, ɗaliban ƙasashenmu na baƙar fata suna cika ta, na wuce ta gabanta ya fi sau goma ban shiga ba. Lahadi ce ranar da muke shara da girki tare a gidan, ba ni da abin da zan ce ya fitar da ni.

Inna kuwa kowace Lahadi da yamma take kira daga Tsibiri. Takan ce, "Mi fasto ya karanta maku yau?" Sai na zaɓi sura da kaina tun da safe, na karanta a ɗaki, in gaya mata. Komawa gida ma babu hali, don tikitin jirgi sau ɗaya ake ba mu, sai an gama karatu. Nowel ta farko, wato Kirsimeti, a aji ta same ni, ranar aiki ce kamar kowace rana a ƙasar, ana ruwan sama, na rubuta jarrabawa na dawo na ci taliya. Da azumi ya zo na yi shi gaba ɗaya, na tashi sahur, na yi buɗa-baki. Da sallar layya muka haɗu da sauran ɗaliban Nijar na unguwar, aka yanka rago a saman soro, na riƙe ƙafa aka feɗe, na ci har na ƙoshi. Idi kaɗai na tsallake, na ce cikina ya ɓaci.

Abin da ya fi damuna shi ne Yaya yana sona. A garin da ba na jin Larabcinsu, Faransancina kuma na littafi ne, gidan nan kaɗai ne inda nake jin Hausa, kuma Yaya ne gidan. Ran Lahadi ina yanka albasa yana juya tukunya, sai ya yi ta ba ni labari. Ya gaya mini idon mahaifinsa yana mutuwa, ƙannensa ne ke riƙe wa tsohon butik, shagonsa na Sabon Gari. Ya gaya mini ya faɗi aji ɗaya yana maimaitawa, kuma babu wanda ya sani a gida.

"Kai kaɗai na hwaɗa ma," ya ce, "don na ga bakinka ba ya yoyo."

Ya lura ba na bin jam'i. Bai taɓa tsawata mini ba. Wani lokaci dai in muna wanke kwanoni yakan ce, a hankali, kamar da famfo yake magana, "Karatu na da kyau, Bagobiri, amma salla ita ce gaba." In ce haka ne, Yaya.

Da watan Disamba na biyu ya kama, wani ɗalibi da ya biya wa kansa tikiti ya dawo daga hutu ya kawo mini ƙunshi daga Inna: busasshen zogale daga garkar goggona ta Jiratawa, ƙuli-ƙuli, yaji, daddawa, da langa guda mai murfi, tana cike da su. Da na kira in yi godiya ta ce:

"Bara ka ce jarrabawa ta hana ka. Bana ka dahwa ka kai ma makwabtanka. Ba kai ka ce mani sun ba ka naman layya ba?"

"Sun ba ni, Inna."

"To ka ci na mutane ka yi shiru? A gidan wa ka ga haka?"

A gidanmu ban ga haka ba. Ranar Nowel tun da safe Baba yake aika a kira makwabcinmu na jikin katanga, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya zo da wuƙarsa ya yanka zabi da kaji. Baba ya iya yanka sarai, amma ba ya yanka na Nowel, kuma ba a yanko su daga kasuwa. Dole makwabci ne, wanda duk layin ya sani, domin in langa ta shiga gida kada wani ya tsaya tunanin hannun da ya riƙe wuƙa. Kafin mu dawo daga majami'a shinkafa ta nuna, Inna ta jera languna a tsakar gida, kowace da gidan da za ta. Da layya kuma ƙofarmu ba ta rufuwa don masu kawo nama. Ban taɓa jin an yi bayanin wannan ba, yi kawai ake yi.

Na zauna na tsara yadda zan cika umarnin Inna ba tare da na faɗi komai ba. Zan ƙi zuwa aji, karo na farko tun zuwana. Zan dafa suna makaranta. In sun dawo in ce kayan gida ne suka zo na ji sha'awar girki. Na rubuta abin da zan saya da lokacin da kowace tukunya za ta hau wuta. Ni kaɗai zan san Nowel ce, kuma in Inna ta tambaya in ce mata sun ci, ban yi ƙarya ba.

Da safe na je wurin mai kaji na unguwa. A can da rai ake sayar da su, ka nuna, a auna, a yanka, a fige maka nan take. Na nuna biyu. Mutumin ya auna, ya ɗauki wuƙa. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya tashi, na girgiza kai. Ya yi magana da Larabci, ya nuna wuƙar, ya nuna injin figa. Na sake girgiza kai da ƙarfi. Abin da ke kaina kawai shi ne kajin Nowel ba a yanko su daga kasuwa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaure masu ƙafafu, ya miƙo mini, wasu mutane biyu da ke jira suna dariya.

Sai a bene na biyu na tsaya. Mai kajin Musulmi ne. Duk garin Musulmi ne. Da na bar shi ya yanka, da babu wanda zai tambayi komai. Yanzu ga ni da kaji biyu masu rai, kuma makwabcin da zai yanka su mutum ɗaya ne. Na yi tunanin in yanka da kaina, babu mai gani, amma na san ba zan iya zuba masu a kwano in zauna ina kallo suna ci ba. Na sauko hawa ɗaya don in koma wurin mai kaji, na tuna yadda na girgiza kai da dariyar mutanen nan, na sake hawa. Na zauna a kan matakala, kajin suna gefena suna numfashi, sanyin siminti yana shiga jikina. Ban san tsawon zaman ba, agogon da nake dubawa kullum ranar ban duba shi ba.

A nan Yaya da ɗan Damagaram suka same ni, malaminsu bai zo ba sun dawo da wuri. Ɗan Damagaram ne a gaba.

"Yaya, zo ka gani, Bagobiri ya fara kiwo. Ina za su kwana, ɗakinka ko nawa?"

Muka hau tare. A kicin Yaya ya ɗaga kajin yana jinjina nauyinsu. "Mai kajin ba shi da wuƙa?"

"Yana da ita."

"To mi ya hana shi?"

"Ni na hana shi."

Ya dube ni, ya jawo wuƙa daga aljihun tebur ya miƙo mini ta wajen ƙota. "To hau soro ka yanka, mu muna jin yunwa."

"Kai nake so ka yanka, Yaya."

"Jini kake tsoro? Kai da ka riƙe ƙafar rago?"

"In na yanka ba za ku ci ba."

Ɗan Damagaram ya fashe da dariya. "Don ba ka son salla? Haba malam, za mu ci. In aka bi ta wannan, rabin mahautan duniya sun bar sana'a."

Na kalli wuƙar da ke hannun Yaya, ban kalli fuskarsa ba. Na ce, "Yau Nowel ce. A gidanmu makwabci ke yankawa. Ni Kirista ne."

Kaza ɗaya ta buga fiffike a kan tayil, ta ture kwandon albasa. Babu wanda ya sunkuya. Ɗan Damagaram ne ya fara magana, muryarsa ƙasa ƙasa, dariyar ba ta gama barinsa ba.

"To azumi talatin ɗin nan fa? Wa zai ba ka ladan? Ni da aka wajabta ma sai da na yi ta ƙirga kwana, kai kana zaune kana shan yunwa kyauta."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun haihuwa."

Ya ɗauki kajin da wuƙar ya nufi matakalar soro, na bi shi da roba. Iska tana busowa daga teku, shanyar mutane tana kaɗawa. Ya kwance su, ya ba su ruwa, ya fuskanci gabas, ya ce in riƙe fiffike. Ya yi bisimilla ya yanka ta farko, ya yanka ta biyu, ya goge wuƙar a gashinta. Sai da suka daina motsi ya yi magana, yana tsugune.

"Gidan da ke kallon namu a Sabon Gari, malamin lakwal ne, na boko, Kirista. Ni nake zuwa amso shinkafarsu tun ina ƙarami. Matarsa ce ta kwana da innarmu a likita. Kai mi ka ɗauke ni?"

Na ce, "Kunya ce, Yaya. Ranar farko na kasa, daga nan kuma..."

"Wata goma sha huɗu kunya." Ya tashi tsaye. "Ka san ɗaliban Nijar na gidan ƙasan layi sun ce mani wanga yaro ba ya salla? Na rantse masu kana yi a ɗaki. Na ce kullum da asuba ina jin alwalarka. Na rantse, Bagobiri. Ashe famfo kake buɗe mani."

Ya dube ni, ya ci gaba.

"Ni na kwashe cikina na zuba maka, abin da uwata ba ta sani ba ka sani. Kai ko abin da duk Tsibiri ta sani ka hana ni."

Ya sauka ya bar ni da robar.

Na fige kajin ni kaɗai. Jadawalin da na rubuta ya riga ya ɓaci, amma na bi shi a jere. Na jiƙa zogale na tafasa, na daka ƙuli-ƙuli da yaji na kwaɗa, na ɗora miya da daddawa, shinkafa a ƙarshe. Ɗan Damagaram ya shigo ya tsaya yana satar hanta daga tukunya, yana yi mini tambayoyi, ko mu ma muna da liman, ko gaskiya ne da ganga muke ibada. Na amsa masa duka, na yi mamakin yadda suke da sauƙin amsawa. Ƙofar Yaya a rufe take. Da aka kira la'asar ya fito ya yi alwala, suka yi sallarsu a falo, ni ina kicin ina juya miya. Ban taɓa kasancewa a gidan a wannan lokacin ba.

Da na sauke, na zuba namu a babban faranti. Yaya ya leƙo ya ga langar Inna a kan tebur.

"Waccan ta wa?"

"Ban sani ba. Inna ce ta aiko."

"Ta makwabta ce. Su ma sun ba ka nama. Zuba, ka nemi wani kwano ka zuba na gida na biyu." Ya sa takalmi. "Ba ni zan hwaɗa masu ba. Ni na yi rantsuwar, amma kai za ka kwance ta."

Gidajen ɗaliban Nijar biyu ne a unguwar. Ya raka ni har ƙofar bene na farkon, ya tsaya a ƙasa, hannu cikin aljihu, ya ce in hau. Na hau ina maimaita maganar a raina, langa tana ƙona mini tafi. Wanda ya buɗe ɗan Tawa ne, na faɗa masa a tsaye, da sauri, kamar mai ba da hadda. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗaga murfin ya shaƙa, ya ce, "To, barka da salla." Daga ciki wani ya tambaya wa ya yanka, na ce Yaya, aka ce in shigo da ita. A gida na biyu su uku na samu. Biyu sun sa hannu tun ina tsaye. Na ukun ya ce ya ƙoshi, ya ci gaba da duba salularsa, kuma daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Muka dawo gida. Yaya ya zauna ya ci tare da mu, ya ci sosai, ya ce zogalen Jiratawa daban yake. Muna cikin ci Inna ta kira, ina jin hayaniyar tsakar gidanmu a bayanta, da waƙar matan zumunta na majami'a daga nesa. Ta ce in ba ta makwabcin nawa. Na miƙa wa Yaya wayar. Ya goge hannu, ya gyara zama kamar tana gabansa.

"Inna, ina wuni. Barka da salla. Mun ci, mun gode, Allah ya maimaita mana."

Na ji tana yi masa godiya da ya riƙe mata ɗa. Ya ce babu komai, ɗan nata ba shi da fitina. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Lahadin da ta biyo na shiga majami'ar. Lokacinta ya faɗa daidai lokacin girkinmu, sai ɗan Damagaram ya gaji yankan albasa. Babu wanda ya ce in bar gidan. Yaya bai taɓa ɗaure mini fuska ba, yana tambayar karatuna, da na yi zazzaɓi shi ya kai ni likita. Amma labarin da yakan ba ni ya tsaya. Da aka yi wa mahaifinsa aikin ido, a bakin ɗan Damagaram na ji. Da ya haye ajin da yake maimaitawa, a bakinsa na sake ji, a kan matakala, kwana biyu bayan sakamako ya fito.

Sau ɗaya na gwada. Wata Asabar na same shi shi kaɗai a kicin, na ɗauki wuƙa na fara yanka tumatir ba tare da ya sa ni ba. Na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, cewa karatun haɗa magungunan da nake yi ba na son shi, Baba ne ya zaɓa, kuma kullum ina lissafin shekarun da suka rage mini a ɗakin nan. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya ɗebo miya a ludayi ya miƙo mini, ya ce in ɗanɗana in ji ko gishiri ya ji.